Muryarmu Ta Wane Ne?



A ran 22 ga Nuwamba Ikilisiya takan tuna da Waliyya Sisiliya, majiɓinciyar mawaƙa. Domin haka ya dace mu yi bimbini a kan baiwar murya, da kuma wanda muke yi wa hidima da ita.

Manya a cikinmu ba su manta da Sonny Okosun ba, mawaƙin Nijeriya wanda ya yi suna da kiɗan Ozziddi. A 1977 waƙarsa Fire in Soweto ta zaga Afirka, tana kuka a kan zaluncin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A farkon shekarun 1990 sai ya juya ga waƙoƙin bishara. Ya fitar da faifan Songs of Praise a 1994, a 1998 kuma ya kafa majami'arsa, House of Prayer Ministry, a Legas. Ya rasu a 2008.

Ko da yake ba a cikin Ikilisiyar Katolika ya yi hidimarsa ba, akwai abin koyi a gare mu. Bai binne baiwarsa kamar malalacin bawan nan na misalin talanti ba (Matiyu 25). Kada kuwa mu ce dukan waƙoƙinsa na dā zunubi ne, gama mai kuka domin waɗanda ake zalunta bai yi nisa da Bishara ba. Abin da ya yi shi ne, ya fito fili ya miƙa muryar ga Wanda ya ba shi ita.

To, mu fa? Tuba ta wuce canjin kiɗa. Mutum yana iya rera sunan Yesu a gaban bagade, alhali zuciyarsa tafin jama'a take nema. Saboda haka, 'yan kwaya, mu je ikirari kafin wannan idi, domin bakinmu da zuciyarmu su zama ɗaya. Mu dattawa kuma, kada mu rena matasanmu masu jita da ganga. In mun hana su wuri a Misa, za su kai baiwarsu inda aka buɗe musu ƙofa, Ubangiji kuwa zai tambaye mu.

Waliyya Sisiliya, ki yi addu'a dominmu. Amin.