'Yan Daudu Tsakanin Abuja da Minna

Suleja, wadda ta bayar da sunanta na asali da wani yanki na ƙasarta domin gina birnin tarayya bayan shawarar 1976, tana zaune tsakanin hukumomi biyu, kuma ɗan daudu, wato namijin da ya ɗauki salon mata a magana da sana'a, wanda akan gani yana tuya a bakin tasha, yana rayuwa a ƙarƙashin dukansu. Jihar Neja ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, tarayya ta haramta auren jinsi a 2014, amma sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa mutuncinsa.

Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya bambanta wanda halin mata halittarsa ce da wanda ya ƙirƙire shi da gangan, ya ɗauke zargi daga na farko. Wannan bambanci shi ya kamata malamin unguwa ya karantar sannu a hankali, domin dokar Abuja ba ta sauya zukata, sai dai hana duka da jifa nauyi ne da ke kan ɗan sanda da mai unguwa tun yau.