Nasihar Juma'a: Ina Ungulu Ta Shiga?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Yau maganarmu a kan tsuntsuwar da ba wanda ya taɓa yabon kyanta ce. Dattawanmu da suka sauka Minna tun jirgin ƙasa na tashe, suka zauna Limawa da Sabon Gari, shaida ne: a da, kafin mahauci ya gama fiɗa, ungulu ta cika saman rumfa. Ranar Layya kuwa sai an sa yara da sanda suna kora. To yau a tambayi yaron da aka haifa a Tunga ko Bosso ko ya taɓa ganinta ido da ido. Ya san "ungulu da kan zabo", ya san "ungulu ba ta jewar banza", amma mai sunan bai san ta ba. In mun je ganin gida Kano ko Katsina ko Sakkwato, labarin ɗaya ne.

Wasu na cewa ƙaura ta yi. Ba ƙaura ba ce, kashe ta ake yi. Tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun duniya, ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Wani zai ce, to mene ne? Ai ƙazamar tsuntsuwa ce. Mu koma ga Alƙur'ani. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar yadda muke al'umma. A Suratul Ma'ida kuma, hankaka ne ya koya wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa. Kun ga ke nan tun farkon duniya tsuntsu ya riga mu sanin abin da ake yi da gawa. Ita ungulu an ɗora mata aikin da duk cikinmu ba mai so: share mushe. Allah Ya yi wa cikinta ƙarfin da yake narkar da ruɓaɓɓen nama da yawancin cutar da ke cikinsa, ta ci ta tashi lafiya lau, gari ya huta da wari. Ba albashi, ba yajin aiki.

Mutanen Indiya sun ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 aka yawaita yi wa shanu allurar wani maganin ciwo mai suna diclofenac. Saniya ta mutu, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irin ungulayensu suka mutu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, kuma a yi mana haƙuri. A ƙasarmu babban abin da ke cinye ungulu kasuwa ce. Ana neman kanta da ƙafarta da ƙwanta, wai don sa'ar ciniki, wai don farin jini, wai don ganin abin da ke ɓoye. Da ta yi wuya a nan, sai aka koma shigo da ita daga Nijar da Chadi da Kamaru. Yadda ake kama ta kuwa, a barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe, a koma gefe a jira. A Gini Bisau, a 2020, ungulu fiye da 2,000 aka kashe da guba, aka tarar da wasu an sare musu kai. Kuma kada mu yi saurin nuna wasu da yatsa. Buhun nan ba da ƙafarsa yake zuwa kasuwannin Kudu ba. Akwai mai saye a ƙauye, akwai dillali, akwai direban da ya karɓi kuɗin kaya bai tambayi mene ne a ciki ba. Minna kan hanya take, kuma mu mutanen hanya ne.

Wani ɗalibi ya ce da mu, ai Risala ta halatta cin tsuntsaye masu farce. Gaskiya ne, haka mazhabarmu ta Malikiyya ta tafi. Amma malam, wa ya yanka wannan? Tsuntsun da guba ta kashe mushe ne, cinikin mushe kuwa Annabi (SAW) ya haramta shi. Sannan mai sayen kan nan ba miya zai yi da shi ba, wurin boka zai kai. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. To ina ga wanda ke kai wa bokan kayan aiki? Kuma a yi tunani mana: da kan ungulu na kawo arziki, da mai tallarsa a rana bai kwana da bashi ba. Idan mace ta shiga wuta saboda kyanwa ɗaya da ta tsare har ta mutu, me mutum zai faɗa ranar da aka tambaye shi garke guda?

Abin da ke ƙara tsananta lamarin, ƙwai ɗaya tak ungulu ke yi a shekara. Ba kaza ba ce. Ka kashe goma yau, an daɗe ba a mayar ba. Gidan nata ma, tsamiya da rimi da sauran manyan itatuwa, muna ganin yadda motocin gawayi ke fita da su daga dazuzzukan Neja. Ana ce mata ta koma gidanta na tsamiya, tsamiyar ma an sare.

Ƙungiyar NCF mai kare halittu a Nijeriya ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya, kuma cikinsu akwai waɗanda suka bar sassan ungulu suka koma ga itatuwa da saiwoyi. Mu ma ga namu. Direba ya buɗe buhu ya gani kafin ya ɗora. Makiyayi da manomi, in kare ko kura ta dame ku, kada a sa guba a mushe, don ba wanda aka nufa kaɗai ke ci ba. Iyaye mata, in an ce a kawo kan ungulu don yaro mai farfaɗiya ko rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, a kai shi asibiti, a haɗa da addu'a. Yara masu danƙo kuma a ja musu kunne.

Wanda ya san jarinsa na cikin wannan kaya, ba mu nufin tona masa asiri. Ya samu Liman bayan sallar La'asar, shi kaɗai, a duba yadda 'yan'uwa za su taimaka masa ya canza sana'a.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya yafe mana abin da muka ɗauka bisa rashin sani, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.