Haƙƙin Abin da Ba Mu Gani Ba

Ranar 15 ga Satumba, 2017, masana a hukumar NASA suka cusa kumbon Cassini cikin iskar duniyar Zuhal da gangan, ya ƙone ƙurmus. Kusan shekara 20 ke nan da harba shi, 13 daga ciki yana kewaya Zuhal. Mansa ya kusa ƙarewa, suna kuma gudun kada ya ƙwace musu ya faɗa kan Ensiladus, ɗaya daga cikin watannin da ke zagaya Zuhal, ɗauke da ƙwayoyin bakteriya na duniyarmu.

Ensiladus ɗan ƙarami ne, faɗinsa kusan kilomita 500, ƙanƙara ta lulluɓe shi kaf. A 2005 Cassini ya hango tururi da ɓarɓashin ƙanƙara suna tartsatsi daga tsagogin kudancinsa. Daga baya ya ratsa ta cikin feshin, aka sami gishiri da iskar haidurojin da sinadaran da rai ke ginuwa da irinsu. Ashe teku ne a ƙarƙashin ƙanƙarar, hasken rana bai taɓa isa gare shi ba. Ƙarfin jan Zuhal ne ke matsa watan yana sakinsa a kowane zagaye, wannan murɗawa ita ke haifar da zafin da ya hana ruwan daskarewa. Haka Yuropa, watan duniyar Mushtari, yake da nasa tekun, kuma saboda shi aka ƙona kumbon Galileo a 2003.

Har yau ba wanda ya ga ƙwayar rai ko ɗaya a cikin waɗannan tekuna. To, abin da ba a tabbatar da wanzuwarsa ba yana da haƙƙi a kanmu?

Ni dai amsata i ce, kuma a makarantar zaure na fara samun ta. Da malam ya kawo mu babin ladubban kama ruwa, ya koya mana cewa ba a yin bawali a ruwan da ba ya gudana, ba a kuma yi a cikin rami. Dalilin da malamai ke bayarwa game da rami shi ne wataƙila gidan wata halitta ne. Ba a ce sai ka leƙa ka ga mai gidan ba. Wataƙilar nan kaɗai ta isa ta sa ka kauce.

Wani zai ce masanan nan kansu suka yi wa, domin idan bakteriyarmu ta shiga tekun, gobe ba za a iya bambance ɗan gida da baƙo ba, bincike ya lalace. Gaskiya ne, akwai wannan. Amma cin moriyar kame kai ba ya rage masa daraja. Mai gaskiya a kasuwa ma yana samun ciniki saboda gaskiyarsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda tekunan nan ke rage mana girman kai. Mun saba ɗaukar halifancinmu a bayan ƙasa a matsayin izinin taɓa duk abin da hannu ya kai gare shi. Ga ruwa can yana kai da komo cikin duhu tun kafin a halicci ɗan Adam, ba mu sha ba, ba mu yi alwala da shi ba, Mahaliccinsa kuma bai nemi shawararmu ba. Shi ya san abin da ya ajiye a ciki. Amana ce aka ɗora mana, ita kuwa amana ana gane mai riƙe ta ne a wurin da ba mai tsaro.

Kumbon Europa Clipper, wanda zai binciki Yuropa, ya tashi a Oktoban 2024, zai isa Mushtari a 2030. Ina ɗokin jin abin da zai gano, domin neman sani ibada ne idan niyya ta yi kyau. Fatana kawai, duk ranar da ɗan Adam ya sami ikon huda ƙanƙarar nan, ya kasance ya tsarkake kayan aikinsa, ya kuma yarda cewa yana iya fasawa idan tsarkin bai tabbata ba.