Kara Ɗaya Ɗin Nan, Ɗana

Ɗana, zo ka zauna. Shekaranjiya da magariba na gan ka a teburin mai shayi, bakin hanyar Gaya zuwa Ajingi. Da ka hango ni sai ka mayar da hannu baya, amma hayaƙin ya tona ka. Ban ce komai ba, don ka wuce a yi maka faɗa a gaban abokanka.

Na san za ka ce kara ɗaya ne. Duk wanda na sani yana shanye kwali a wuni, da kara ɗayan nan ya fara. Shi ya sa dokar taba da Najeriya ta kafa a 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Sai ga shi mu manya ne ke aiken yara tireda su sayo mana. Wannan laifinmu ne, kuma yana damuna.

Hayaƙin da kake zuƙa yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 cikinsu suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, har da fiye da miliyan ɗaya da ba su taɓa kunna ta ba, shaƙar ta wasu kawai suka yi. Nan nake so ka tsaya. Lokacin hunturu ka rufe ƙofa da taga, matarka da jaririnka suna ciki, kai kana busawa. Tarin da yaron nan yake yi da dare, ba ƙura ce kaɗai ba. Kai kanka, da damina, kunya nawa kake nomewa yanzu kafin ƙirji ya tsayar da kai? In abin ya kai ga zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, sai an bi ta Wudil an kai ka Asibitin Malam Aminu Kano, a sayar da gero da awaki, wataƙila har gona.

Amma jiki yana da yafiya. Awa 12 bayan karan ƙarshe, gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska ta sauka. Cikin 'yan makonni numfashi ya fara sakewa. Bayan shekara guda, haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi.

Kada ka ce mini ba za ka iya ba. Kowane azumi kana yin awa goma sha uku ba ka taɓa ta ba, ba wanda yake gadinka. Kwanakin farko za ka yi ta jin haushi, barci ya ƙi zuwa, yana wucewa. Ka sa rana, ka faɗa wa iyalinka, ka ƙaurace wa majalisar nan na ɗan lokaci. In ya gagara, ka je Babban Asibitin Gaya ka faɗa wa likita gaskiya. In kana jin nauyi, ka biyo ta gida da safe, ni zan raka ka.