Gumin Ma'aikaci Ba Sadaka Ba Ne

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani, in lokacin tashi ya yi maigida ya riƙe ka har dare, kuɗin wannan ƙarin lokaci haƙƙinka ne. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah da kansa zai yi husuma ran ƙiyama da wanda ya sa lebura aiki ya hana shi ladansa. To, kada ka yi shiru. Rubuta awoyinka, ka kafa shaidu, ka tuntuɓe shi da ladabi. In ya ƙi, ga ƙungiyar ƙwadago, ga Kotun Ma'aikata da aka kafa a 1976. Amma kai ma ka ji tsoron Allah, kada ka rubuta awar da ba ka yi ba. Wassalam.