Balaga Ba Ta Sallama

Mai karatu, ga tambayar da nake so mu zauna a kanta: idan yaro ya balaga ya soma rawar kai, laifinsa ne ko laifin jikinsa?

Kafin mu yanke hukunci, bari mu ji abin da masu binciken birai suka gano, tun da tsarin haihuwar biri ya yi kama da namu. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi mai sakin wani sinadari, wanda zan kira ɗan aike. Shi ke zuwa ya ta da wani ƙullutu mai girman ƙwayar wake, shi kuma ya ta da gaɓoɓin haihuwa. A 1978 wani masani a Amurka, Ernst Knobil, da abokan aikinsa suka nuna cewa sai ɗan aiken nan ya riƙa zuwa tsam-tsam, kamar sau ɗaya a awa, sannan yake aiki. In aka kwarara shi ba yankewa, sai komai ya tsaya. A 1980 suka riƙa ba ƙananan birai mata shi awa-awa, sai ga su suna al'ada tun lokaci bai yi ba. Da aka daina, suka koma yarinta.

Bai tsaya nan ba. A 1993 wasu masana suka ba birai mata sinadarin mace, istirojin, sai suka ga mahaɗan jijiyoyi a gurbin nan sun ragu. Ashe saƙo ba daga sama kaɗai yake sauka ba; jiki ma yana komowa ya kwance wani ƙulli a ƙwaƙwalwa.

To, ka ga kenan ba yaro ne ya gayyato sha'awa ba. Zuwa ta yi ta same shi, ko sallama babu. Ga shi kuma sashen goshi, mai taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Doki ya riga linzami isowa.

Wani zai ce, ai shi ke nan, a ƙyale samari su yi abin da suka ga dama. Ni ban yarda ba. Sinadari yana kawo yunwa, amma ba shi ke miƙa hannu a kwanon wani ba. Tsakanin jin abu da aikata shi akwai 'yar tazara, kuma a cikinta mutunci yake zaune.

Sai dai a ganina nauyin tazarar nan ba na yaro ba ne shi kaɗai. Uban da ya ga muryar ɗansa ta buɗe, bai ce masa komai ba sai zagi, da uwar da 'yarta ta ga jinin farko ta ɓoye mata don tsoro, sun bar yaransu a hannun 'yan majalisar bakin titi. Kunya ado ce, amma ba ta koyar da wanka ko kamun kai.

Don haka iyaye, kada a hukunta yaro kan abin da ya ji. A tambaye shi kan abin da ya yi, bayan an riga an zaunar da shi an yi masa bayani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallami, don kar ya karye.