Tsadar Fetur: Wa Ya Kamata Ya Fara Ɗaure Ciki?



Shekaranjiya bayan sallar Asuba wani bawan Allah mai tuƙa adaidaita sahu ya tsaya jirana a ƙofar masallaci. Dattijo ne, ya haife ni, amma sai ya rage murya kamar mai jin nauyi ya ce, "Malam, tambaya gare ni. Na ji ana cewa za a ɗora wani haraji a kan fetur. Na yi magana a majalisarmu, sai wani ya ce in yi shiru, wai Annabi ya ce Allah ne ke sa farashi. To ni yanzu in na ce an matsa mana, na saɓa wa Allah ke nan?" Na ce, "A'a Baba, ba ka saɓa ba." Na yi masa alkawarin zan rubuta bayanin, yaransa su karanta masa.

Hadisin da aka kafa masa hujja da shi ingantacce ne. Abu Dawud da Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito shi daga Anas (RA). Kaya sun yi tsada a Madina, Sahabbai suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke wa 'yan kasuwa farashi, sai ya ƙi, ya nuna musu cewa tsada da araha, ƙunci da yalwa, duk a hannun Allah suke, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Ku lura da ƙarshen hadisin, don shi ne mutane ke yankewa su yar. Abin da ya hana Annabi (SAW) sa baki shi ne tsoron kada hukuma ta taɓa dukiyar wani ba bisa haƙƙi ba. To yaya za a ɗauki hadisin da shugaba ke tsoron haƙƙin jama'arsa, a mayar da shi abin toshe bakin jama'ar da ke kukan haƙƙinsu? Sannan tsadar Madina kasuwa ce ta kawo ta, babu wanda ya zauna a ofis ya sa hannu a takarda. Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba ya bayyana cewa akwai ƙayyade farashin da yake zalunci, akwai kuma wanda yake adalci har ya zama wajibi, idan masu kaya suka haɗa baki ko suka ɓoye abin da mutane ba sa iya rayuwa sai da shi. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ɓarawon da ya haura gidanka ma da ƙaddara ya haura, kuma wannan bai hana a kai shi gaban alƙali.

Fetur kuma ba kamar atamfa ko turare ba ne. Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Kuma lokacin da Annabi (SAW) ya yanka wa Abyad bin Hammal (RA) mahaƙar gishirin Ma'arib, da aka gaya masa cewa abin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda bai ƙarewa, sai ya janye kyautar. A mazhabarmu ta Malikiyya, mashhurin zance shi ne ma'adinan ƙasa suna ƙarƙashin kulawar shugaba, yana sarrafa su don maslahar jama'a. Wakili ne a kansu, kuma wakili ana tambayarsa lissafi.

Kada wani ya fahimce ni da cewa Shari'a ta wajabta a sayar da fetur da araha har abada. Tsarin tallafin da aka yi shekaru ana yi yana cike da ɓarna, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. A 2012 kwamitin Majalisar Wakilai ya bankaɗo kamfanonin da suka karɓi kuɗin tallafi a kan man da ba su shigo da shi ba, kuma abin takaici, shugaban kwamitin da kansa daga baya kotu ta ɗaure shi kan cin hanci a cikin binciken. Man da ake cewa an sauƙaƙa wa talaka, wani kaso nasa jarkoki da tankoki ke tsallakar da shi Nijar da Benin da Kamaru. Shugaba yana da damar ya duba ya ce wannan hanya ba ta ɓullewa. Mas'ala ce ta ijtihadi da maslaha.

Abin da ya dame ni shi ne yadda 'yan siyasarmu ke sauya fatawa gwargwadon kujerar da suke kai. Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ƙasa ta tsaya cik, a Kano da Kaduna da Legas mutane suka cika tituna, har aka sauko da ita 97. Manyan 'yan adawa na lokacin, har da shugaban ƙasa na yanzu, sun soki matakin da kakkausan harshe. A watan Mayu 2016, waɗancan 'yan adawar na kan mulki, lita ta koma 145 daga kusan 87, kuma mu nan Arewa da yawanmu muka yi gum, don namu ne. A zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, kowannensu ya ce zai cire tallafi. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwa, aka ce tallafi ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa 500 da wani abu a garuruwanmu, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Waɗanda suka kare matakin a 2012 yau su ne masu kuka, waɗanda suka yi kuka a 2012 yau su ne masu cewa a yi haƙuri. Man bai canza ba, talakan ma bai canza ba.

Mu malamai ma kada mu wanke kanmu. Akwai mumbarin da ya yi alƙunutu a 2012 ya yi shiru a 2016. Akwai wanda bai tuna ayoyin haƙuri sai in nasa ne a sama, bai tuna ayoyin zalunci sai in na wasu ne. Jama'a suna gani, kuma wallahi wannan na cikin abin da ya sa matasa suka fara ɗaga wa malamai murya.

Yanzu ga maganar da ta tayar wa Baba hankali. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 tana ɗauke da ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan fetur da dizal. Gwamnati ta ce abin ba sabo ba ne, tun 2007 yake a dokar hukumar gyaran hanyoyi, kuma ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni, ta ce ba ta da shirin yin hakan nan kusa. To, mun ji. Amma tunda yana cikin doka, ya kamata mu san me malamanmu suka ce game da irinsa tun kafin ranar ta zo.

Asali dukiyar mutum haramun ce a taɓa ta sai da yardarsa ko da haƙƙi. A Sahihu Muslim, da Annabi (SAW) zai nuna girman tuban matar nan Gamidiyya, sai ya kwatanta da cewa ko mai karɓar haraji na zalunci ne ya yi irin tubanta da an gafarta masa. Ka ga girman laifin ke nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Duk da haka manyan malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun halatta wa shugaba ya ɗora wa mutane wani abu bayan zakka idan buƙata ta gaske ta taso kuma baitulmali ya kasa. Sai dai sun sa sharuɗɗa, kuma babu inda sharuɗɗan suka fito fili kamar a ƙissar Izzu bin Abdissalam.

Bayan Tattar sun rusa Bagadaza a shekara ta 656 bayan hijira, suka nufo Sham, Masar ce ta rage. Sarki Ƙuɗuz ya tara malamai da alƙalai a Alƙahira yana neman fatawar karɓar kuɗi daga jama'a don shirya runduna. Ku duba fa, wannan ba maganar gyaran titi ba ce, maƙiyi ne a bakin ƙofa wanda ya kashe halifa. In akwai ranar da malami zai ce a karɓa kawai, to ranar ce. Amma Izzu ya ce ya halatta da sharaɗin a fara ƙarar da abin da ke baitulmali, sannan sarakunan yaƙi su sayar da ɗamarunsu na zinariya da kayan ƙawarsu, kowa ya rage daga dokinsa sai makaminsa, su daidaita da sauran mutane. In an yi haka bai isa ba, sai a juyo kan talakawa. Aka fita, Allah Ya ba su nasara a Ainu Jalut cikin Ramadan na 658.

Kafin shi akwai Sayyidina Umar (RA) a shekarar fari da ake kira Amur Ramada, shekara ta 18. Ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai mutane sun samu, ya koma cin gurasa da man zaitun har cikinsa na ƙugi, launinsa ya sauya. Ya rubuta wa gwamnoninsa, ciki har da Amru bin As a Masar, su aiko da abinci. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar. Wato lokacin da mutane suka shiga ƙunci sai ya sassauta abin da hukuma ke karɓa, ya tsananta wa kansa.

Mu auna namu da wannan mudu. A shekarar da aka cire tallafi aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, waɗanda jaridu suka ce kowace ɗaya ta haura naira miliyan 100. A watan Agusta 2024, watan da yunwa ta fito da matasa kan titi, aka ga sabon jirgin shugaban ƙasa. Talaka kuma aka ce ga shinkafa a tirela, a unguwarmu mun ga yadda gidaje da yawa suka raba buhu ɗaya. Aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, alhali mafi yawan mutanenmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Mai injin ban ruwa a Kura, mai markaɗe, mai walda da janareta, ɗan acaɓa, wa ya ƙara musu albashi? Ɗamarar zinariya ba a sayar ba, ƙaro wasu aka yi.

Kuma kada mu tsaya kallon Abuja kaɗai. Tun da aka cire tallafi kason da jihohi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Wannan kuɗin shi ne wanda ya fita daga aljihunka a gidan mai. Gwamnanka da shugaban ƙaramar hukumarka da ɗan majalisar mazaɓarka sun fi kusa da kai. Tambayarsu ina kuɗin ya shiga, cikin ladabi, a rubuce ko a taro ko ta bakin dattawan gari, nasiha ce ga shugabanni wadda addini ya yi umarni da ita, babu fito-na-fito a ciki. Abin da ba na goyon baya, kuma na faɗa a huɗuba a lokacin, shi ne fasa shaguna da ƙona dukiyar jama'a kamar yadda ya faru a Kano a zanga-zangar Agusta. Mai shagon da aka wawashe shi ma a wannan tsadar yake sayen mai. Haka kuma ban ga uzurin hukumar da ta tsare ƙananan yara wata uku, aka kawo su kotu a Abuja wasu na faɗuwa don galabaita, sai da duniya ta yi ca kafin a sake su.

'Yan uwana masu gidajen mai, ku ma da ku nake. Washegarin jawabin 29 ga Mayu da yawa sun rufe famfo da man da suka sayo a tsohon farashi, suna jiran sabo. Annabi (SAW) ya kira mai ɓoye kaya mai laifi, hadisin na cikin Muslim. Wanda kuma ya taɓa mita, ana biyan kuɗin lita goma ana samun tara, ya koma ya karanta farkon Suratul Muɗaffifin. Haka direban da in mai ya hau ya ninka kuɗin mota a ranar, in ya sauka ya ce bai ji labari ba.

Ban manta da Majiya ba. Ranar 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a can ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, mutane suka fito da bokitai da jarkoki cikin dare, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Don Allah, in tanka ta faɗi ku nisance ta, ku kori yaranku daga wurin, dukiyar wani ce kuma halaka ce. Amma duk mai riƙe da amanar jama'a ya kamata ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa, me ya kai magidanci sayar da ransa a kan galan ɗaya.

Baba, ga amsarka. Ka yi haƙuri da hukuncin Allah, ka ci gaba da fita nema, kuma ka faɗi abin da ke damunka ba tare da zagi ko ƙarya ba. In masu neman ƙuri'a suka zo unguwa, ko daga wace jam'iyya, ka tambaye su me suka rage daga nasu kafin su zo kan naka.

Allah Ya jiƙan mutanen Majiya, Ya sassauta mana, Ya shiryi shugabanninmu da mu baki ɗaya. Wallahu a'alam.